FL Studio ya ƙi karɓar muryar WhatsApp, kiɗa kuma yana gudu: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa waƙa da FL Studio 20 a laftof mai Windows 10. Mawaƙin da muke aiki tare yana wani gari, sai ya turo min murya ta WhatsApp. Na ja ta cikin Playlist ta ƙi shiga. Na canja ƙarshen sunanta zuwa .wav, nan ma shiru. Kiɗan da makaɗi ya ba ni a filashi ya shiga, amma yana gudu fiye da yadda na ji shi a waya, sautin fiyanon ma ya sirance. Da na kai aikin wani situdiyo don a tace min, ya buɗe amma rabin sautukan babu su. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, matsaloli uku ne daban-daban ka haɗu da su a aiki ɗaya, kuma babu wadda ke nuna manhajarka ta lalace, don haka kada ka goge ta ka sake sakawa. Ta farko matsalar nau'in fayil ce, ta biyu ta saitin gudu ce, ta uku ta wurin ajiya ce. Ta farkon ce ta fi buƙatar bayani, don duk wanda ya gane ta da kyau ya huta da mafi yawan irin wannan ciwon kai.

Muryar da ta ƙi shiga

Harufan da ke ƙarshen sunan fayil, irin su .wav ko .mp3, lakabi ne kawai da aka manna a jikin kwali. Abin da ke cikin kwalin shi ne ainihin yadda aka tsara sautin. Da ka sauya .opus zuwa .wav, tuwo ka canja wa suna. FL Studio ya ga lakabin WAV, ya buɗe kwali yana neman tsarin WAV, ya tarar da wani abu daban, ya ajiye.

Muryar da aka danna makirfon WhatsApp aka ɗauka ana matse ta ne da tsarin da ake kira Opus, a zuba ta cikin mazubin Ogg. A wayar Android za ka same ta da suna mai farawa da PTT, sai kwanan wata, sai WA da lamba, ƙarshensa .opus. Idan kuma daga WhatsApp na kwamfuta ka sauke ta, za ta zo da .ogg. A nan mutane da yawa ke rikicewa, domin FL Studio yana buɗe .ogg, to amma wanda aka matse da Vorbis. Mazubi iri ɗaya ne, abin ciki ya bambanta. Shi ya sa za ka ga wani .ogg ya shiga lafiya lau, wani ya ƙi.

Kafin komai, sa Windows ya daina ɓoye maka ƙarshen sunaye. Buɗe kowace folda, shiga View, ka sa alama a File name extensions. Idan ba ka yi haka ba, kana iya zaton ka canja suna alhali abin da ka samar shi ne murya.wav.opus.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ainihin fayil ba tare da sauke komai ba. Buɗe Notepad, ka ja fayil ɗin ciki, in dai ba babba ba ne sosai. Za ka ga tarkacen alamomi marasa ma'ana, amma harufan farko suna faɗin gaskiya. WAV na gaske yana farawa da RIFF, kaɗan gaba sai WAVE. Ogg yana farawa da OggS, kuma idan Opus ne a ciki za ka ga OpusHead a layin farko. FLAC yana farawa da fLaC, AIFF da FORM, mafi yawan MP3 da ID3, shi kuma m4a ko mp4 za ka ga ftyp kusa da farko. Ka rufe ba tare da ka yi ajiya ba, don in ka danna Save a Notepad ka kashe fayil ɗin. Wanda ke yawan karɓar aiki daga hannun mutane ya sauke manhajar MediaInfo, kyauta ce, tana nuna tsarin matsi, yawan samfur a daƙiƙa (sample rate, wato sau nawa ake auna sautin a daƙiƙa ɗaya), zurfin bit (yawan bit da ake ajiye kowane samfur da shi), da ko sautin mono ne ko sitiriyo.

Gyaran shi ne a juya fayil ɗin da gaske zuwa WAV na PCM, wato sauti ɗanye wanda ba a matse ba. Ka fara mayar masa da sunansa na asali. Sannan ka zaɓi ɗaya cikin hanyoyi uku.

Da VLC, manhajar kunna bidiyo da sauti da kwamfutoci da yawa ke da ita: Media, sai Convert / Save, sai Add ka zaɓi fayil, ka danna Convert / Save a ƙasa. A wurin Profile ka zaɓi Audio - CD, ka ba shi suna mai ƙarewa da .wav, ka danna Start. Zai ba ka WAV mai samfur 44,100 a daƙiƙa da bit 16. Ya wadatar ga muryar WhatsApp.

Da Audacity: File, Import, Audio, sannan ka fitar da shi a matsayin WAV, ka zaɓi Signed 24-bit PCM. Sababbin fitowar Audacity suna buɗe Opus da kansu, amma m4a sai an haɗa musu da FFmpeg, wata manhajar juya fayilolin sauti da bidiyo. Amfanin Audacity shi ne kana ganin zanen sautin, kana iya yanke shirun farko da tarin da aka yi kafin a fara rera.

Da FFmpeg kai tsaye, wanda shi ne ya fi sauri idan fayilolin suna da yawa. A Command Prompt, cikin foldar da fayil ɗin yake:

ffmpeg -i murya.opus -ar 44100 -ac 1 -c:a pcm_s24le murya.wav

Ma'anarsa: ɗauki murya.opus, mayar da shi samfur 44,100 a daƙiƙa, mono, bit 24. In bidiyo aka turo maka kana son sautin kawai, ka ƙara -vn bayan sunan bidiyon, ka cire -ac 1 in kana son ya zauna a sitiriyo. Wannan layin ɗaya yana aiki a kan m4a na iPhone, amr na ƙananan wayoyi, aac, wma, da mp4. Shafukan intanet masu juya fayil su ma suna yi, sai dai kana ɗora waƙar da ba ta fita ba a kwamfutar wanda ba ka sani ba, ga cin data sau biyu. Ni ban ba da shawararsu ga aikin kasuwa ba.

Game da m4a, tunda kana kan FL Studio 20, shi ma sai ka juya shi. Daga fitowa ta 21 ne manhajar ta fara buɗe shi da kanta.

Sai dai ga maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. Juya murya zuwa WAV zai sa ta shiga, amma ba zai dawo da abin da aka zubar ba. WhatsApp yana matse muryar saƙo ne don magana ta isa da ƙaramar data, ba don waƙa ba. Saman sautin, inda iskar murya da kaifin harufa irin su s da sh da ts suke, an riga an rage shi. Da ka ɗora mata kwamfuresa mai daidaita ƙarfin sauti, ka ƙara haske da EQ mai ɗaga ko rage sassan sauti, sai wani ƙyas-ƙyas kamar na ruwa ya fito fili, musamman a ƙarshen kalmomi. Irin wannan murya ta isa a gane karin waƙa, a auna gudu, a gina kiɗa a kanta. Ba ta isa ta zama muryar da za a fitar ba. In dole sai daga nesa mawaƙin zai turo, ya ɗauka da manhajar naɗar sauti mai iya ajiyewa a WAV, ya tura ta hanyar Document, ba ta makirfon WhatsApp ba. Abin da aka tura a Document yana isowa yadda yake ba a taɓa shi ba, kuma ana iya tura har gigabait 2.

Akwai fayilolin da ko an juya ba za su buɗu ba. Waƙar da aka sauke cikin Spotify, Apple Music ko Boomplay don saurare ba intanet a kulle take, manhajarsu kaɗai ke buɗe ta. Mai kiɗan za ka nema ya ba ka. Haka kuma fayil mai .mid ko .sty daga fiyanon Yamaha PSR ba sauti ba ne sam. MIDI umarni ne kawai: danna wannan maɓalli, da wannan ƙarfi, na tsawon kaza. Sautin yana cikin fiyanon. In ka zuba .mid a FL Studio zai ba ka notoci, amma da wasu muryoyin kayan kiɗa daban, ba waɗanda makaɗi ya ji ba. Irin su PSR-S770 da S970 suna iya naɗar WAV kai tsaye a filashi, mai 44,100 da bit 16 a sitiriyo. Shi za ka ce makaɗi ya ba ka.

Wani lokacin kuma fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, hanyar shigarwa ce ta toshe. In ka buɗe FL Studio da Run as administrator, Windows ba zai bar ka ka ja fayil daga folda ka jefa ciki ba, alamar hani kawai za ka gani. Rufe ka buɗe yadda aka saba. In fayil ɗin yana cikin zip, ka fara warware shi. In yana kan waya ta kebul, ka fara kwafe shi zuwa kwamfuta. Duba girmansa kuma: WAV sitiriyo mai 44,100 da bit 16 yana cin kusan megabait 10 a kowane minti, mono mai 48,000 da bit 24 yana cin kusan 8.6. In aka ce maka waƙar minti 5 ce a WAV ka ga megabait 3, to ko ba WAV na PCM ba ne, ko turawar ta yanke a hanya. Wanda ya nuna 0 KB kuwa babu komai a cikinsa, a sake turowa. In kuma duk abin da ke filashin ya koma gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya, ƙwayar cutar filashi ce ta ɓoye na ainihin. Kada ka danna su. A wanke filashin da riga-kafi, sannan a fito da ɓoyayyun da umarnin attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in harafin filashin E ne.

Kiɗan da ke gudu

A nan alamar da ka bayar tana da amfani: gudu ya ƙaru kuma sauti ya sirance tare. Abu biyu ne ke haifar da haka, kuma ana bambance su da yawan canjin.

Na farko, wanda ya fi yawa a FL Studio, shi ne miƙa sauti ta atomatik. Wasu fayilolin WAV suna ɗauke da bayanin gudunsu a ciki, musamman waɗanda aka fitar daga FL Studio ɗin kansa ko daga tarin samfura. Da ka jefa irin wannan, manhajar sai ta karanta, ta ga kiɗan bugu 105 ne a minti aikinka kuma yana kan 140, sai ta matse shi ya dace da aikin. In yanayin miƙawar yana kan Resample, to kamar kaset ne aka ƙara wa gudu: sauri da siranta tare suke tafiya. Daga 105 zuwa 140 sautin zai hau kusan rabin-mataki 5 (semitone, wato tazarar maɓallan fiyano biyu da ke maƙwabtaka), shi ya sa fiyanon ya koma kamar na wasan yara.

Gyara: danna kiɗan sau biyu a Playlist, tagar saitinsa za ta buɗe. Nemi sashen Time stretching. Danna dama a kan maɓallin TIME ka zaɓi none. Tabbatar PITCH yana tsakiya, MUL yana kan kashi 100. Kiɗan zai koma yadda yake. Don kada ya sake faruwa, danna F10, shiga General, ka cire alamar Read sample tempo information.

Bayan nan kada ka tilasta wa kiɗan bin gudun aiki. Aikin ne zai bi kiɗa. Tambayi makaɗi a kan nawa ya buga, in bai riƙe ba ka danna ɗan alamar da ke kusurwar hagu ta saman kiɗan ka zaɓi Detect tempo. Kada ka yarda da abin da ya ba ka ido rufe. Yakan ba da rabi ko ninki, 60 a maimakon 120, kuma kiɗan da ke tafiya uku-uku, wanda ya yi yawa a waƙoƙinmu masu salon kalangu, ya fi rikita shi. Kunna metronom, wato ƙarar da ke ƙirga bugu, ka saurara a farko, a tsakiya, da kuma ƙarshe. In ya dace a farko ya kauce a minti na uku, adadin yana kusa amma bai cika ba, wataƙila 104.5 ne ba 105 ba. In kuma makaɗin da hannu ya buga ba tare da metronom ba, babu adadin da zai zauna daidai, sai ka kashe manne-wa-layi, wato Snap, ka yi aiki da kunne.

Ka sa gudun aiki kafin ka shigo da muryoyi. In ka canja shi daga baya, FL Studio yakan tambaye ka ko ya sake miƙa sautuka. In ka amsa da e ba tare da ka duba ba, duk wanda TIME ɗinsa ba a none yake ba zai motsa. Akwai kuma wani ɗan tarko a Playlist: zaɓin Stretch da ke saman hagu, wanda Shift da M ke kunnawa. In yana kunne, ka ja gefen murya da niyyar yankewa, miƙa ta kake yi. Yawancin muryoyin da ake cewa sun lalace haka kawai, nan suka lalace.

Abu na biyu shi ne saɓanin yawan samfur a daƙiƙa. Faifan CD da mafi yawan aikin waƙa suna kan 44,100, aikin fim da bidiyo yana kan 48,000. In aka karanta fayil mai 44,100 kamar mai 48,000, zai ƙara gudu da kusan kashi 8.8 cikin ɗari, sautin ya hau kusan rabin-mataki ɗaya da rabi. Waƙar minti 3 za ta ƙare a minti 2 da daƙiƙa 45, kiɗan 100 ya koma kusan 109. In akasin haka ne, za ta ja zuwa minti 3 da daƙiƙa 16, murya ta yi kauri. Wannan adadin ba ya canjawa, don haka agogo kaɗai ya isa gane shi: kwatanta tsawon fayil a VLC da tsawonsa a cikin aiki. In bambancin kusan kashi 9 ne, a nan gizo ke saƙa.

FL Studio yana daidaita wannan da kansa yayin kunnawa, don haka ba kasafai yake damun fayil guda ba. In ya faru a can, za ka ji komai ne ya canja, har da abin da ka buga da kanka, kuma dalilin shi ne katin sauti yana kan adadi ɗaya manhajar tana kan wani. Duba F10, Audio, Sample rate, ka daidaita shi da na katin da kuma na saitin sautin Windows. A Cubase da Nuendo kuwa lamarin ya bambanta: lokacin shigarwa suna tambaya ko a juya fayil ya dace da aikin, in ka tsallake sai ya kunna da gudun da ba nasa ba. Tunda kana kai aiki wasu situdiyo, ka san da wannan. Shawarata: waƙar saurare zalla ka zauna a 44,100, wadda za a hau bidiyo ko fim ka fara ta a 48,000 tun daga farko, kuma duk fayil ɗin da zai shiga ka juya shi zuwa adadin aikin.

Zurfin bit ba ya canja gudu ko kaɗan. Kana iya haɗa mai 16 da 24 da 32 a aiki ɗaya ba abin da zai faru.

In kiɗan MP3 ne, akwai wani ɗan abu. Matsin MP3 yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, yawanci samfur 1,105, wato kimanin kashi 25 cikin dubu na daƙiƙa. Ba ka jin sa a waya, amma in ka ɗora farkon fayil a kan layin farko, bugun ganga zai riƙa zuwa a makare kaɗan, duk abin da ka ƙara a kai kuma ya riƙa yin karo da shi. Ƙara girman zanen sosai, nemi inda bugun farko ya tashi, riƙe Alt ka ja shi ya hau kan layi daidai. Mafi kyau dai makaɗi ya ba ka WAV.

Ɗan ƙari ga wanda ke jefa sauti a Channel rack maimakon Playlist: a can sautin yana fita da muryarsa ta asali ne a kan C5 kawai. Duk notar da ka zana sama da nan za ta sirance ta yi sauri, ta ƙasa ta yi kauri. In kuma yana ta maimaita kansa ba ya tsayawa, cire alamar Use loop points.

Ya shiga amma shiru

Ba ka ambaci wannan ba, amma yana tafe. In kana ganin zanen sauti ba ka jin komai, fara duba ko kana kan PAT ko SONG a sama. A PAT, abin da ke Playlist ba ya kunnuwa. Harafin L ke sauya su. Daga nan duba ko ɗan koren hasken layin a kashe yake, ko an tura sautin wani layin Mixer da aka rage ko aka raba da Master. In mitar Master tana motsi amma lasifika shiru, na'urar fitarwa ce: F10, Audio, Device. Direban sauti na ASIO4ALL yana son riƙe katin sauti shi kaɗai, don haka in burauza ko VLC a buɗe suke ɗaya zai rasa. FL Studio ASIO ya fi haƙuri da zaman tare. In kana da katin sauti na waje, ka sa direbansa na kamfani.

Muryar da ke fita a kunne ɗaya an ɗauke ta ne da makirfo ɗaya a layin sitiriyo. A Mixer ka murɗa maɓallin Stereo separation na layinta zuwa dama gaba ɗaya, za ta dawo tsakiya. Ƙarar ƙas-ƙas yayin kunnawa kuwa yawanci ba daga fayil take ba. Ƙara Buffer length zuwa 512 ko 1,024 lokacin tacewa. A 44,100, 512 jinkirin kusan kashi 12 cikin dubu na daƙiƙa ne, 1,024 kusan 23. Lokacin ɗaukar murya sai ka sauko 256 ko ƙasa, don mawaƙi kada ya riƙa jin kansa a makare. Laftof in ya koma kan batir yakan rage wa kansa ƙarfi, shi ya sa ƙarar ke tashi da an ɗauke wuta.

Aikin da ya buɗe babu sauti a wani situdiyo

Fayil ɗin .flp, wato wanda FL Studio ke ajiye aiki a ciki, ba ya ɗauke da fayilolin sautin da ka ja cikin Playlist. Takarda ce mai cewa: muryar farko tana Downloads, kiɗan yana filashi E, amshi yana Desktop. Shi ya sa girmansa bai taka kara ya karya ba. Da ka kai shi wata kwamfuta, sai ya je waɗannan wurare ya tarar babu kowa, sunayen layukan su koma ja. Ko a kwamfutarka haka zai faru in ka share Downloads, ka canja sunan folda, ko filashin da jiya yake E yau ya zama F.

Don kai aiki wani wuri: File, Export, Zipped loop package. Wannan zai tattara .flp da duk sautukan da aka yi amfani da su a zip guda, kuma FL Studio yana buɗe zip ɗin kai tsaye. A Cubase makamancinsa shi ne Back up Project, a Ableton Live kuma Collect All and Save. In aikin ya riga ya ɓata, tara sautukan a folda ɗaya ba tare da canja sunayensu ba, danna F10, File, ka ƙara foldar a Browser extra search folders, ka sake buɗe aikin. Da suna yake nema, saboda haka in kana da fayiloli biyar masu suna murya.wav a wurare daban-daban yana iya ɗauko wanda ba shi ba. Ka ba kowane fayil sunan da babu mai irinsa.

Zip ba ya ɗaukar fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa FL Studio. In ka yi amfani da Kontakt ko Nexus ko Auto-Tune, wancan situdiyon ba shi da su, layukan za su yi shiru ko su fita tsirara. Kuma aikin da aka ajiye da sabuwar fitowa ba lallai tsohuwa ta buɗe shi daidai ba. Saboda haka in tacewa kawai za a yi maka, kada ka kai .flp sam. Ka fitar da kowane layi daban: File, Export, Wave file, zaɓi bit 24, kunna Split mixer tracks, kashe Save tempo information don kada a miƙa maka su a can, a wurin Tail ka bar Leave remainder don wutsiyar amo kada ta yanke. Kafin nan ka tabbatar kowane sauti yana da layinsa a Mixer, kuma babu wanda mitarsa ke taɓa ja. Duk fayilolin za su fara daga wuri ɗaya, wanda zai tace sai ya jera su a farkon layi su hau kan juna daidai, ko da wace manhaja yake aiki.

Maganar suna tana da wani ɓangare da ya shafe mu. Harufa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da kuma alamar 'y, Windows yana karɓarsu, amma wasu tsofaffin fulogin, wasu manhajojin zip, da na'urori irin su fiyano da rediyon mota suna mayar da su alamar tambaya ko su kasa ganin fayil ɗin. A sunan fayil da folda na aiki ka rubuta waka, kida, amshi, da harufa marasa lanƙwasa, ka ajiye daidaitaccen rubutu don sunan waƙar da za a fitar. Ka guji folda cikin folda cikin folda kuma, don tsohuwar iyakar Windows ta harufa 260 ga cikakken adireshin fayil har yanzu tana kama wasu manhajoji. In Desktop ko Documents ɗinka suna haɗe da OneDrive, fayil mai alamar gajimare sunansa ne kawai a kwamfutar, jikinsa yana intanet. Danna dama ka zaɓi Always keep on this device, ko ka mayar da ayyukanka wata folda kamar D:\Ayyuka.

Tsarin da zai hana maimaituwar duka ukun shi ne: kowace waƙa da foldarta. A ciki, folda ɗaya ta abin da aka turo yadda ya zo, ɗaya ta waɗanda ka juya zuwa WAV, daga ta biyun kaɗai kake ja cikin FL Studio, .flp ɗin ma a nan yake zaune. Sunan kiɗa ya ɗauki gudunsa, misali kida_105_44k.wav.

Shi kuma mawaƙin, ka tura masa kiɗan a Document, ka gaya masa ya sa abin kunne mai waya, ba na Bluetooth ba don yana jinkiri, ya saurari kiɗan a wata wayar ya ɗauki murya a wata, don kada kiɗan ya shiga cikin muryar. Ya rufe ɗaki, ya kashe fanka, ya ajiye wayar kimanin taƙi ɗaya daga bakinsa, ya ɗan kauce gefe saboda iskar harufan b da f. Ya tafa sau huɗu tare da bugun kiɗan kafin ya fara rera, da tafin za ka daidaita muryar a kan layi. Jagora daban, amshi daban, kowanne ya fara daga farkon kiɗa ko da sai a tsakiya zai shigo. In manhajar tana nuna mita, ƙololuwar muryar ta tsaya tsakanin -12 da -6 dB, domin muryar da ta fashe tun a waya babu fulogin da zai ɗinke ta yadda take.